Ranar da Na Wanke Zanen Inna

Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya ina karɓar sababbin ɗalibai a firamare, har na yi ritaya ina hedimasta, ban taɓa zaton 'yar kyanwar da ba ta cika tafin hannuna ba ce za ta tona min asiri a cikin gidana. Amma ta tona. Gara kuwa in ba da labarin da bakina kafin uwar yarana ta riga ni, don ita in ta tashi ba da shi sai ta ƙara masa gishiri, har da kwaikwayon tafiyata.

A gidanmu na Kontagora akwai karnuka biyu a bayan gida, wajen turken awaki. Mun kawo su ne tun shekarar da aka haura mana katanga aka kwance mana tunkiya. Iyakarsu wata ƙofar langa-langa da ta raba bayan gida da tsakar gida. Uwar yarana ce ta kafa dokar, ta ce kare ba zai taka mata inda take shimfiɗa tabarmar salla ba, kuma wallahi sun fi jin maganarta a kan tawa. Akwai wani muzuru kuma da ya mai da gidan wurin cin abinci kawai: ya diro, ya ci, ya yi hamma, ya haura katanga. Sai uwarsa, tsohuwar kyanwa baƙa mai farin wuya. Ita ce ta Inna.

Inna mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta. A wurina ta yi shekarunta na ƙarshe, kuma da kyanwar ta zo daga ƙauye, a cikin kwando. Da ciwo ya yi mata nauyi ta sa aka kira ni, na shiga na durƙusa na gyara hula, ina jiran wasiyya mai nauyi irin wadda ake yi wa babban ɗa, ko kan gona ko kan zumunci. Sai ta nuna ƙarƙashin gadonta da baki ta ce, "Kai, ga kyanwar nan. Kada ka bari ta rasa wurin kwana."

Na ce, "To, Inna."

Na jira saura, babu saura. Ba zan ɓoye ba, na ɗan ji haushi a lokacin. Sai dai tun daga ranar na san abu guda aka bar min amana, kuma abu ne da ko yaro ɗan aji ɗaya zai iya riƙewa.

Bayan rasuwarta aka raba kayanta, wasu 'yan'uwana mata suka ɗauka, wasu aka yi sadaka da su. Abu biyu suka rage a gidan. Na farko wani tsohon zanen atamfa da ya koɗe, wanda kyanwar take kwana a kai a ƙarƙashin gado. Shekara biyu uwar yarana tana share ɗakin tana zagaye zanen, ba ta taɓa sa shi a ruwa ba. Na biyun kallabin Inna ne mai ruwan ƙasa, wanda na zare daga cikin kayan ranar rabo ba wanda ya gani, na naɗe a leda na cusa cikin jakar takardun fanshona. Jefi-jefi in gida ya yi shiru nakan buɗe ledar in kai hanci. Man kaɗanya ne da hayaƙin murhu da ɗan turaren wuta. Ƙato da ni, da furfura, sai in sa gefen riga in share ido. Ina rufewa in mayar, in fito ina gyaran murya kamar wanda ya gama lissafin fansho.

To, bana ɓeraye suka sa mu gaba a sito. Masarar da na noma a wajen Kaboji suka dinga fasa buhunanta suna yi mana ɓarna. Muzurun ko a jikinsa. Tsohuwar kuwa idonta biyu ɓera zai wuce ta gabanta, ta bi shi da kallo kamar mai kallon mota a titi. Sai manomin da ke kula min da gonar ya ce kyanwarsu ta haihu a gindin rumbu, in ina so in ɗauki ɗaya. Na zaɓi wata ja mai manyan kunnuwa, muka sa ta a buhu kamar yadda ake yi, don kada ta ga hanya ta koma. Na ɗaure buhun a tankin babur. Daga Kaboji har cikin gari kuka take, kuma kafin mu iso ta jiƙa min wando. Wannan ita ce gaisuwarmu ta farko.

Ni fa duk tsorona karnuka ne. Ina ganin haushi ɗaya za su yi mata ta sheƙa lahira. Don haka na zauna na yi tsari irin na ofis. Na samu kwali da rula, na ja layuka, na rubuta jadawali: kwana uku na farko baƙuwa tana kulle a sito, rana ta huɗu za ta ga muzuru daga nesa, ta biyar tsohuwa, karnuka kuwa sai bayan mako biyu, su ma ta bayan waya. Na manna a ƙofar sito, na ja da baya ina kallon aikina.

Uwar yarana ta zo wucewa da tukunya, ta tsaya ta karanta har ƙasa. Ta ce, "Malam, a cikinsu wane ne ya iya karatu?"

Na ce, "Ke dai zuba ido, Hajiya. Yara ɗari nawa na ladabtar?"

Ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," da irin muryar da take faɗa wa mai tallan maganin basir.

A nan ne na tuno da dabarar Inna. Na sha ganinta tana yi a ƙauye in an kawo sabuwar kyanwa ko ɗan akuya maraya. Sai ta ɗauki tsumman da 'yar gida ke kwana a kai ta shafe baƙuwar da shi tun daga kai har jela, don ƙamshin gida ya kama ta, kada a ɗauke ta bare. Wannan na tuna sarai. Abin da ban tuna ba shi ne sauran maganar, don Inna takan ƙara da cewa a mayar wa mai tsumma abinta nan take, kuma in an zo ba da abinci a fara da babba. Ni kuwa da ilimina na zamani sai na yi wa dabarar gyara. Na ce in shafa sau ɗaya tana aiki, ai kwana uku a kan zanen zai fi aiki ninkin-ba-ninki. Na shiga ɗakin Inna na rusuna, na ɗaga tsohuwar a hankali na zare zanen daga ƙarƙashinta. Ta ɗago ta dube ni.

Uwar yarana ta gan ni a tsakar gida da zanen a hannu. Fuskarta ta canza.

"Malam, zanen Inna ne fa wannan."

"Na sani. Aro ne na kwana uku."

"Ka tambayi mai shi?"

Na yi dariya na wuce. Kai, in na tuna dariyar nan har yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Na shimfiɗa wa baƙuwar zanen a kwali, na kai mata madara da ɗan kifi, na kuma shiga aikin tsaro. Na ƙara wa ƙofar langa-langa waya, na tokare ta da turmi, na toshe wata kafa a gindin katanga da bulo. Kwana biyu ina kai da kawo tsakanin sito da bayan gida, ina leƙe, ina rubuta abin da na gani a gefen jadawalin. Duk abin da aka soya a gidan baƙuwa ce ke fara ci. Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna tana kallona ina wucewa da kwano. Ni a ganina ma haƙurinta abin yabo ne, har na rubuta mata "ɗa'a mai kyau" a jadawali.

Rana ta uku da hantsi na buɗe sito na tarar da kwali wayam. Innalillahi! Ashe akwai rariyar ruwa a bayan buhuna da ta ɓulle bayan gida, ni mai tsaro ban gan ta ba. Na kwasa da gudu, silifas ɗaya ya fita, na ture turmin da na tokare da hannuna, na buge ƙwaurina. Na faɗa bayan gida da muciya a hannu ina shirin ganin jini.

Abin da na gani shi ne babban karen kwance a inuwar turke, 'yar kyanwar a tsakanin ƙafafunsa na gaba, yana lashe ta. Ya lashe ta har gashinta ya miƙe tsaye, ita kuma ta lumshe ido tana ta gurnanin jin daɗi. Ɗayan karen yana gefe yana jiran a ba shi nasa layin. Suka ɗago suka dube ni da muciyata. Mako biyu na ba su a jadawali, su kuwa sun gama sulhu kafin in karya kumallo.

Uwar yarana ta biyo ni tana dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga yawun kare sharkaf a jikin kyanwar sai dariyar ta tsaya. Ta ce ba za a shigar mata da ita haka ba. Kafin in yi wani abu 'yar banzar ta kufce, ta bi rariyarta ta koma sito, ta haye zanen Inna ta yi birgima a kai, ta goge duk yawun.

A nan ne na tafka babbar. Borin kunya ya kama ni, ina neman abin da zan yi wanda zai nuna har yanzu ni ne hedimastan gidan. Na wanke kyanwar da ruwan ɗumi tana yakushi na. Sannan na ɗauki zanen na tsoma a bokiti. Uwar yarana tana kicin, ba ta gani ba. Na zuba garin sabulu, na cuɗa, na ɗauraye, na sake cuɗawa, har sai da ruwan ya fita fes. Na shanya. Da ya bushe, don iyayi, har guga na yi masa, na ninke shi gida huɗu kamar tutar makaranta. Na kai ƙarƙashin gadon Inna na ajiye, na ce wa tsohuwar, "Ga kayanki nan, sun fi da kyau."

Ta taso a hankali ta sunsuna wannan gefen, ta zagaya ta sunsuna wancan. Ta sa ƙafa ta ɗan tona ninkin kamar mai neman wani abu a ciki. Sai ta ɗago ta yi wani ɗan kuka siriri da ban taɓa jin ta yi ba. Ta wuce ta gefen ƙafata ta fita. Da la'asar babu ita a gidan. Washegari ma babu.

Da uwar yarana ta ga zanen a goge, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta ɗauka ta kai hanci, ta ajiye, ta ce, "Shekara biyu ina zagaye shi da tsintsiya, Malam. Ka ɗauka ƙazanta ce ta hana ni wankewa?"

Na san gaskiya ta faɗa. Amma da yake baki ya saba, sai na ce wataƙila karnuka ne suka kore ta. Har bayan gida na je na buɗe bakin babban karen ina neman baƙin gashi. Bawan Allah ya tsaya na gama bincikena, ya kaɗa min jela.

Kwana biyu ina yawon unguwa. Na leƙa kwalbati, na leƙa kangon da ke bayan masallaci, na tambayi mahauta ko ta zo neman tsoka. Ina duƙe a bakin wata kwata ina kiran "mus, mus," sai wani mai keke napep ya taka birki. Tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci da gemu. Ya sauko da sauri ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Me ya faɗi?"

Na ce, "Kyanwa nake nema."

Ya ciji leɓe ya kalli ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Ni da na taɓa sa shi tsallen kwaɗo saboda dariya a layin taron safe na makaranta, ga shi yau ni yake yi wa dariya. Ya ce in ya gan ta zai kawo ta kyauta, ya ja kekensa da sauri don ya samu wurin fashewa.

A rana ta uku maƙwabciyarmu ta yi sallama. Tsohuwar nas ce 'yar wajen Rijau, duk unguwa Mama muke ce mata. Ita ce ƙawar Inna. Kullum da yamma a kan bencin gidanta suke zama a gindin mangwaro suna ɓarar gyaɗa, ɗaya da carbi ɗaya da littafin coci a cinya, suna gardamar wadda gwiwarta ta fi ciwo. Kyanwar kuwa kullum tana ƙarƙashin bencin, wajen ƙafar Inna.

Mama ta ce, "Hedimasta, mutuniyarku tana wurina fa. Tana kwance daidai inda Inna ke zama. Na ba ta kifi, na ba ta madara, ko kallo ba ta yi."

Na tafi na same ta a kan bencin ta dunƙule. Na ɗauko ta na kawo gida, na rufe ƙofa. Ana buɗewa ta koma. Na sake ɗaukowa, wannan karon ta zabga min yakushi a hannu ta sake komawa. Na kai mata hanta, na kai mata kan kifi, na durƙusa a gaban benci ina ba ta haƙuri da Hausa, har da Turanci na kuskure na sa. Ta juya min ƙeya. Haƙarƙarinta ya fara fitowa, ruwa kaɗai take ɗan lasa.

Mama ta ce, "Ni mutane na yi jinya, ba kyanwa ba. Amma na san fuskar tsohon da ya ajiye cokali ya ce ya gama. In ta ƙara kwana uku haka, a kan bencin nan za ka ɗauke ta."

Na dawo gida na zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna. Tsoro ya kama ni na gaske. Abu ɗaya Inna ta roƙe ni a duniya, wurin kwanan kyanwa, ni kuma da hannuna na sa shi a bokiti. 'Yar jar ta zo tana wasa da igiyar wandona, ko kunya babu. Ban iya ko korar ta ba, don ita ba ta yi laifin komai ba.

Uwar yarana ta zo ta tsaya a kaina. Sannan ta ce a hankali, "Malam, sai dai ka ɗauko wancan."

"Wanne?"

"Na cikin jakar fansho."

Na ɗago na dube ta baki buɗe.

Ta ce, "Haba, Malam. Wa ke goge maka jakar? Kuma tun yaushe lissafin fansho yake sa mutum fitowa da jan ido?"

Na so in musa, na ga babu amfani. Na shiga ɗaki na fito da ledar, na daɗe riƙe da ita. Wallahi ban so ba. Na ce a raina wannan nawa ne, shi kaɗai ya rage min, in kyanwa ta kwanta a kai mako guda shi ke nan. Har na fara lissafin in yanka shi biyu. Sai na tuna irin wannan lissafin nawa ne ya kawo mu nan. Na buɗe na kai hanci sau ɗaya, na ja numfashi har ƙasa, na sa a aljihu na fita.

Bayan la'asar ne, Mama tana zaune a ɗaya gefen bencin. Na zaro kallabin na ajiye kusa da kan tsohuwar. Da farko kunnenta ne ya motsa. Sai ta ɗago, ta miƙa wuya, ta cusa fuskarta gaba ɗaya a ciki. Ta tashi ta hau kai tana tattaka shi da ƙafafun gaba, ɗaya bayan ɗaya, tana gurnani. Mama ta gane kallabin. Ta sa bakin zanenta ta goge ido ta ce, "Ayya, ƙawata."

Na ja kallabin a hankali na miƙe, kyanwar ta diro ta biyo shi. Haka muka fito titi, ni a gaba riƙe da kallabin mata yana reto a hannuna, ita a baya tana tangaɗi don yunwa. In na yi sauri sai ta tsaya, dole na dinga taku ɗaya-ɗaya kamar mai rakiyar amarya. Mutanen da ke zaune a majalisar ƙofar masallaci suka bi mu da kallo. Wani ya ce, "Hedimasta, sabon aiki ne?" Na ce, "E, kuma ban ci jarabawar ba tukuna." Ban damu ba. Idona yana kan kyanwar har muka shiga gida.

Na shimfiɗa kallabin a ƙarƙashin gado, a kan zanen da na lalata. Uwar yarana ta kawo romon kifi a murfin kwano. 'Yar jar ta rugo za ta sa baki, na riƙe ta a hannu na ce, "Ke, jira. Babba tukuna." Tsohuwar ta sha, ta ɗan huta, ta ƙara sha. Sannan ta hau kallabin ta naɗe jela ta yi barci.

Jadawalin nan uwar yarana ta kunna murhu da shi. 'Yar jar ta girma, amma ta ɗauki kanta kare: a bayan gida take wuni, in an yi sallama ita ce ke fara rugawa ƙofa. Ɓeraye kuwa suna nan suna cin masarata cikin kwanciyar hankali. Sau ɗaya ta gwada hawa kallabin, tsohuwar ta kwaɗa mata mari a kunne, daga ranar kowa ya san matsayinsa. Wani lokaci yanzu nakan tarar da su kwance a ɗakin, ƙaramar a kan siminti, tazarar taku guda a tsakaninsu.

Kwanakin baya da gida ya yi shiru na shiga na durƙusa, na ɗaga gefen kallabin na kai hanci. Ni dai warin kyanwa kawai na ji. Amma ita har yanzu in ta shigo takan cusa hancinta a wani lungu na ninkin ta daɗe a haka, idonta a rufe, don haka na san akwai saura a ciki. Sai in zauna a ƙasa kusa da ita in jira ta gama.